Yadda Za Ka Cika Shafinka da Labaran Wasu Har a Ɗauka Kana Aiki

Ranar wata Talata Badi'a ta rasu, kuma daga ranar shafinmu na intanet ya tsaya cak.

Badi'a matata ce. Shafin kuwa na Ƙungiyar Tsofaffin Ma'aikatan Masana'antu ne ta nan Panshekara, sunansa Bakin Get, kuma a takarda ni ne editansa, tunda ni ne mai karatu a gidan. Shekarun da na yi ina kula da sito a wani kamfanin jima a Challawa, babu tsohuwar jaridar da aka naɗo kaya da ita da ban karance ba, har tallan da ke bayanta. Ita kuwa yawo ta iya. Ta shiga gidan suna, ta leƙa gidan rasuwa, ta zauna a bencin masu abinci, ta dawo ta rubuta a waya ta miƙo mini, ni kuma in gyara in ɗora. In ce wannan ya yi tsawo, wannan tsegumi ne, wannan ma ba labari ba ne. Gyara dai ba na rasawa.

Bayan an yi sadakar arba'in, shugaban ƙungiyar, Alhaji Zakariyya, ya zo ya same ni a ƙofar gida. Tsohon helma ne, wato shugaban leburori, har yau in zai ce maka sannu sai ka ji kamar ka makara aiki. Ya sake yi mini ta'aziyya, sannan ya ce shafin nan ya zama kamar kamfanin da aka sa wa kwaɗo. In bai ga yana motsi ba kafin taro na gaba, zai miƙa shi ga surukinsa Mustapha mai sayar da tayil, ya share tarkacen da ke ciki ya zuba hotunan kayansa. Tarkacen da yake nufi shi ne duk abin da Badi'a ta taɓa rubutawa.

To, idan kai ma kana da shafin da ya mutu da shugaban da bai mutu ba, zo kusa. Ina ba ka tabbacin da likita ba ya bayarwa. Bi matakan nan, kafin shayinka ya huce shafinka zai cika da labarai har ya yi ambaliya, ba ka rubuta harafi ɗaya ba, ba ka fita ka gaisa da kowa ba.

Mataki na ɗaya: Ka amince ba ka da labari

Kada ka ji kunya. Yawancin masu ba da labari ba su da shi.

Zauna ka tambayi kanka abin da ka sani game da unguwarku. Ni da na yi wannan lissafi, na tarar na san sunayen shugabannin ƙasashen da ba su san da ni ba, na san dalilin faɗuwar dauloli da dama, amma ban san sunan jaririn da yake hana ni barcin rana ta bayan katanga ba. Wannan shi ake kira ilimi. In ka sami kanka a wannan matsayi, ka cancanci wucewa mataki na gaba.

Mataki na biyu: Nemo famfon da wasu suka bari a buɗe

Manyan gidajen jarida da na rediyo suna da wani abu da ake kira RSS. Kada ka tambayi ma'anar haruffan, masu faɗarsu ma ba su damu ba. Ɗauke shi kamar famfon da mai gida ya bari a waje don makwabta: duk labarin da suka wallafa, kanunsa yana gangarowa ta nan, kowa na iya jona tiyo ya ja zuwa gidansa.

Shiga shafinsu, gangara can ƙasa inda ba wanda yake dubawa, za ka ga adireshin famfon. Kwafe shi. Zaɓi gidajen da suke rubutu da Hausa. Zaɓi da yawa. Mutumin da ya jona famfo ɗaya ɓarawo ake ce masa, wanda ya jona shida kuwa mai bincike ne.

Mataki na uku: Liƙa akwatin a sama

Akwai wuraren da za ka ba su adireshin nan su ba ka wasu 'yan layuka na rubutun na'ura, masu kama da abin da kaza ta tattaka. Kada ka karanta su. Kwafe, ka buɗe bayan shafinka, ka liƙa. Nan take wani akwati zai bayyana, kanun labarai na shiga suna ture juna, sabo ya hau kan tsoho, ba dare ba rana, ko da wuta ko babu.

Sa akwatin a can sama, inda idon shugaba zai fara sauka. Duk abin da ke wurin a da zai gangara ƙasa.

A nawa shafin, abin da ya gangara shi ne labarin ƙarshe da Badi'a ta rubuta. 'Yan layuka ne a kan Idi, maigadin tsohuwar masaƙar nan ta Challawa da aka rufe tun yaranmu na firamare. Wai ya shuka kuɓewa a filin da manajoji suke ajiye motoci a da, ta yi kyau, kuma duk wanda ya je ya gaishe shi zai dawo da ta miya. Na liƙa akwati, wani taron ƙasashen duniya ya zauna a kan kuɓewar Idi, girgizar ƙasa ta zauna a kan taron. Kafin la'asar sai ka yi ta jan yatsa kafin ka iske ta.

Kada ka ja yatsan. Rufe kwamfutar ka tafi masallaci.

Mataki na huɗu: Goge sawun ɓarawo

A nan gwaninta take. Akwatin zai tambaye ka me da me kake so ya nuna. Zai so ya sa sunan gidan jaridar da ya yi labarin. Ka ce a'a, domin in shugaba ya ga sunan wasu zai gane ba kai ba ne. Zai so ya sa 'yan layukan farko na labarin, inda ake faɗar gari da ƙasa. Ka ce a'a, suna cin wuri. Bar kanu tsirara.

Sannan akwai gurbin da za ka rubuta kalmomin da kake so, don ya tace maka. Ni na rubuta abin da na san mutanena suna so: masana'anta, ma'aikata, masaƙa, fansho. Daga nan duk inda aka ambaci ɗayansu a faɗin duniya, sai ya faɗo Panshekara.

Gidajen jaridar suna roƙon a bar sunansu a jiki. Na ɗauka son a sani ne kawai irin na 'yan jarida. Riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa.

Mataki na biyar: Karɓi yabo da fuskar gajiya

Ba a yi mako ba Alhaji Zakariyya ya tare ni bayan sallar Juma'a. Ya riƙe hannuna ya ƙi saki, yana gaya wa mutane cewa ashe Malam Abdulbaqi zaki ne yake kwance. Ya ce ko da tsakar rana ya duba akwai sabo, ko da asuba ya duba akwai sabo, yaushe nake barci? Na ce masa aikin al'umma ne. Ya ce Mustapha ya nemi wani wurin ya tallata tayil ɗinsa.

In ka kai nan, kiyaye waɗannan. Rataya tabarau a wuya ko ba ka karatu. Riƙa tafiya da sauri ko ina za ka, ko da wurin mai shayi ne. In an gayyace ka suna ko ɗaurin aure, ka ce kana jiran rahoto. Ba wanda zai tambaye ka daga ina. Mutumin da matarsa ta rasu ana yi masa uzuri wata biyu, amma mutumin da yake jiran rahoto ana yi masa har abada.

Mutum ɗaya ce ba ta yaba ba, Asabe mai shinkafa da wake, ƙawar marigayiya, wadda ta ciyar da rabin ma'aikatan Challawa kafin ta dawo da teburinta bakin titin unguwa. Ta tsayar da ni ta ce an karanta mata shafin kaf, ba ta ji sunan mutum ɗaya da ta sani ba. Ta ce Atika ta nan unguwa ta haifi tagwaye, ba a sa ba. Na ce mata yanzu shafin ya girma. Ta dube ni kamar yadda take duban wanda ya ce zai biya gobe, ta ci gaba da zuba wake.

Irin su Asabe ba sa cikin tsarin. Wuce su.

Mataki na shida: Kada ka taɓa tambayar yadda mutanenka suke karatu

Ga abin da duk karatuna bai nuna mini ba. Badi'a ba ta taɓa rubuta sunan wuri a labarinta ba. Me za ta rubuta? In ta ce an gyara gada, kowa ya san gadar. In ta ce ruwan kwata ya canza launi, kowa ya san wace kwata da wane kamfani. Mutanenmu sun saba: duk abin da Bakin Get ya faɗa, a nan ya faru, kuma Badi'a ta je da ƙafarta ta gani. Ba sa tambaya. Shekara da shekaru ba ta ba su dalilin tambaya ba.

Ran wata Asabar, ina barcin rana, akwatina ya jawo wannan ya ɗora a sama: "Masaƙar da ta daɗe a rufe za ta dawo aiki, za a fara ɗaukar ma'aikata ranar Litinin."

Gaskiya ne kuwa. Masaƙar tana nan a wata ƙasa da sai ka hau jirgi biyu kafin ka je. Sunan ƙasar yana cikin layin farko, wanda na ce a cire saboda yana cin wuri.

A Panshekara kuwa, masaƙar da ta daɗe a rufe guda ɗaya ce.

Aka ɗauki hoton kanun aka yi ta turawa ta waya. Ya je Dorayi, ya je Sharada, ya tsallaka Bompai, ya shiga ƙauyukan da mutane suka koma noma bayan an sallame su. Ni ban sani ba. Ina jiran rahoto.

Mataki na bakwai: In an kira ka bakin get, tafi da hula mai kyau

Litinin da hantsi Asabe ta aiko a ce mini in zo Challawa in ga aikina.

Layi ya kama daga bakin get ya bi katanga ya sha kwana. Tsofaffi sun fi yawa. Wasu sun sa tsohon yunifom ɗinsu, wanda maɓallin ciki ya daina rufuwa. Wasu sun riƙo katin aiki a leda, hoton da ke jiki na wani saurayi mai baƙin gashi. Asabe, da yake ita ba ta wasa da taro, ta riga ta kafa teburinta a tsohon wurinta a gindin darbejiya, tana sayarwa tana harara ta.

Idi maigadi yana tsaye a cikin get, ya rantse ya sake rantsewa cewa shi ba wanda ya gaya masa, kuma a cikin ginin nan babu abin da ke motsi sai jemagu. Aka ce masa ai manya ba sa shawara da maigadi. Wani ya ɗaga waya ya nuna masa, ya ce Bakin Get ne ya faɗa. Sai Idi ya fara shakkar kansa, har ya waiwaya ya dubi ginin.

A gaban layin akwai Shu'aibu, wanda ya yi aiki a kan injin saƙa har ranar da aka kashe injin, yanzu yana noma a wani ƙauye a Jigawa. Tun jiya ya taso, ya kwana a wurin ɗan'uwansa, ya zo da ɗansa babba don a ɗauke su tare. Da ya gan ni ya fito daga layi ya kama hannuna da hannu biyu, ya yi mini gaisuwar rashin da bai samu zuwa ba, sannan ya ce Allah ya saka da wannan albishir.

A irin wannan lokaci, littattafai suna ba da shawarar ka ɗora laifin a kan na'ura. Na gwada. Na yi bayanin famfo da tiyo da akwati, na ambaci haruffan nan uku. Shu'aibu ya saurara har na gama, kamar yadda ake sauraron mai wa'azin da ba a jin yarensa.

"Malam, ni abu ɗaya nake tambaya," ya ce. "Wa ya zo ya gani kafin a rubuta?"

Na ce babu.

Bai yi faɗa ba. Da ya yi, da na ji sauƙi. Ya ninke katinsa ya mayar aljihu, ya ce wa ɗansa su tafi kada su rasa mota.

Idi ne ya ceci ranar, in an cece ta. Da ya ga mutane za su watse hannu wofi, ya buɗe ƙaramar ƙofa ya ce tunda an zo, a shigo. Ashe kuɓewar ta mamaye filin motocin har ta haura inda babban manaja yake fakin. Tsofaffin masaƙa suka shiga masaƙarsu a karon farko tun da aka rufe ta, suna tsinkar kuɓewa suna nuna wa juna tagogin sassansu. Kowa ya fita da ƙulli a leda. Wani tsoho ya ce ai dama an rubuta wannan a shafin kwanakin baya, kuma ga shi ya tabbata.

Wato a duk abin da ke shafina ranar, daga girgizar ƙasa har taron ƙasashe, labari ɗaya ne mutum zai iya zuwa ya taɓa da hannu, kuma shi ne na binne a ƙasa.

Mataki na takwas: A wurin taro, bari wasu su yi magana

Alhaji Zakariyya bai jira ranar taro ba, ya kira na gaggawa. Ya zo da Mustapha, Mustapha ya zo da kwamfutarsa a hammata. Alhaji ya yi dogon jawabi a kan amana da mutuncin ƙungiya, bai ambaci zakin da ya gano ranar Juma'a ba. Ya ce tayil aƙalla ba ya tara mutane a rana. Ya ce a ba Mustapha mabuɗin shafin yau, ya share komai a fara da sabo.

Na shirya jawabi mai kyau, har da misalai daga tarihin aikin jarida. Ban samu yi ba, Asabe ta riga ni. Ita ba ta taɓa aiki a kamfani ba, amma ba a taɓa samun mai ƙarfin halin ce mata ba 'yar ƙungiya ba ce.

Ta ce Alhaji ya yi haƙuri, amma abin da zai share ba nasa ba ne. Ta ce sunan jikokinta yana ciki, ranar da mijinta ya rasu tana ciki, har da sunayen waɗanda suka ɗauki makara. Ta ce auren 'yar Alhajin ma da wannan Mustapha yana ciki, da bayanin yadda raƙumin kayan lefe, wato motar da aka ɗauko, ta mutu a kan gada aka tura. Aka yi dariya, Mustapha ya sauya wa kwamfutarsa hammata.

Sannan ta juyo kaina.

"Malam, kai kuma ƙawata ba ta bar maka shafi don ka cika shi da mutanen da ba za su zo jana'izarka ba. Ni ban iya rubutu ba, kai ba ka iya mutane ba. Bencina yana nan. Ka zo ka zauna, ka rufe baki, za ka ji labari."

Alhaji ya ce to, a gwada, amma in aka sake tara masa tsofaffi a bakin get, tayil ne. Aka shafa fatiha.

Mataki na tara: Yadda ake cire akwatin

Wannan ya fi komai sauƙi, shi ya sa ba a koyar da shi. Buɗe bayan shafin, nemo layukan nan da kaza ta tattaka, goge su. Duniya za ta fice daga gidanka ba ko sallama, kuma ba za ta lura ba.

In ka ga lalle sai ka bar shi, to mayar da shi gefe, can ƙasa, ka bar sunan masu labarin da sunan garin a jiki, ka rubuta a samansa da manyan baƙaƙe cewa wannan ba a nan ba ne. Ni ban bar shi ba. Da na goge, kuɓewar Idi ta hau sama da kanta ta zauna inda take.

Yanzu kullum da hantsi ina bencin Asabe. Ba na jin daɗinsa. Bencin yana da ƙusa, mutane suna magana da abinci a baki, kuma ba wanda yake fara labari daga farko. Na je gidan Atika na ga tagwayen da idona, duk da sun kusa fara zama. Na hau mota na je ƙauyen su Shu'aibu, ya karɓe ni, ya nuna mini geron da ya fi na kowa tsawo, wato nasa, ya ce in rubuta. Na rubuta. Jaririn bayan katanga kuma sunansa Lawan, kuma haƙori yake yi.

Abin da nake rubutawa yana fita da tsawo, da kalmomi masu nauyi. Asabe ta ce in an karanta mata, sai ta ji kamar ana sanar da mutuwar gwamna alhali akuya ce ta ɓata. Babu mai gyara mini.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin duk abin da ya biyo bayan bin shawararsa. In shugabanku ya yabe ka, kai ka sani. In tsofaffi suka yi layi a bakin kamfanin da babu kowa ciki sai jemagu, in wani ya taso daga Jigawa da katinsa a leda, kada ka ambaci sunana, kuma ka tabbata maigadinku ya yi shuka. Ba na karɓar ƙorafi, ba na amsa waya, kuma da hantsi ba na gida.

Wanda kuma yake da mai miƙo masa waya ta ce ya duba, shawarata ba ta shafe shi ba, ba ya bukatar akwati.

Ran Talatar da ta rasu, da safe Badi'a ta miƙo mini labarin kuɓewar tana ɗaura mayafi, za ta suna Dorayi. Ta ce in duba kafin ta dawo, kuma don Allah kada in cinye mata shi da gyara. Na karanta sau ɗaya, na sake karantawa da tabarau, ina neman inda zan sa hannu. Na ɗora shi yadda yake, na dafa shayi, na zauna a ƙofar gida ina jiran ta dawo in ga yadda fuskarta za ta yi in ta ji. A can gidan sunan jiri ya ɗebe ta, kafin a kai asibiti an gama.

Badi'a, na duba. Babu gyara.